Yatsan da Ya Ƙi Nutsewa

Ruvimbo Mutizwa tana da shekara goma sha tara takardar kiranta ta iso gidansu a garin Gweru na ƙasar Zimbabwe. Ta buɗe ta a tsakiyar ɗaki, uwarta da ƙannenta mata biyu sun yi mata rumfa, ta karanto har ta zo kan sunan ƙasar da cocinsu na Mormon ya tura ta aikin mishan: Kenya, wata goma sha takwas. Uwar ta rangaɗa guɗa. Ƙannen suka hau gardamar wadda za ta gaji gadonta na jikin taga. Ita kuwa mai takardar sai ta ninke abinta, ta shige kicin, ta tsaya tana yi wa tukunyar sadza, tuwon masararsu, dariya ita kaɗai. Haka murnarta take tun tana ƙarama. Ba ta fita ta baki, sai dai ka ga tana ta kai da kawo, ta ɗauki tsintsiya ta ajiye, ta buɗe taga ta rufe.

A coci an yi ta mamaki, don yarinya ce wadda in aka ce ta yi addu'ar tashi, 'yan layin gaba ne kaɗai ke sanin ta kai amin. Wannan ce za ta je ta riƙa tare baƙi a kan hanya tana yi musu zancen Allah? Uwarta kuwa tela ce. Ta ɗinka mata siket shida masu sauka ƙasa da gwiwa, ta yi wa kowanne aljihu mai zurfi. Ruvimbo ta jingine karatun ungozoma da ta yi shekara ɗaya tana yi, ta hau jirgi karo na farko a rayuwarta.

Kisumu aka kai ta, bakin tafki. Tun ranar da ta maƙala baƙin bajo a ƙirji sunan Ruvimbo ya kwanta, ta zama Sista Mutizwa. Aka haɗa ta da abokiyar aiki, Sista Fonoti, 'yar tsibirin Samoa, doguwa kakkaura, wadda in ta yi dariya kajin maƙwabta sai sun watse. Dokar aikin ita ce su biyun ba sa rabuwa. Duk inda ɗaya take, dole ɗayar tana ganinta tana jin muryarta, in ka cire bayan gida da wanka. Da farko abin ya takura Ruvimbo, ita da ta saba laɓewa. Daga baya ta gano daɗinsa. Fonoti ke buɗe hira da duk wanda aka ci karo da shi, kwandastan mota ne ko mai gyaran takalmi, ita kuma ta tsaya gefe tana lura, ta riƙe sunan kowa da na 'ya'yansa da ciwon da ke damun uwarsa. In an koma bayan kwana goma, ita ce mai tambayar ya jikin Mama, ita kuma ake buɗe wa ƙofa.

Kwanakinsu kusan iri ɗaya ne. Shida da rabi agogo ya kaɗa, su durƙusa su yi addu'a, Fonoti ta yi tsallen igiya har tagogi na rawa, Ruvimbo ta ɗan miƙe hannu ta ce ita ma ta motsa jiki. Sai kunun gero, sai karatu, kowa nasa, sannan na haɗin gwiwa, sannan koyon Swahili da gaisuwar Luwo, harshen mutanen wurin. Ƙarfe goma suna waje, jaka a kafaɗa, suna bin lungunan Nyalenda. Litinin ce ranar wanki da cefane da buga wa gida waya. A cikin mutum ashirin da suka yi alkawarin zuwa coci, in biyu sun zo, Fonoti na rawa a bakin ƙofa. Takalmin Ruvimbo na farko ya yi wata huɗu ya buɗe baki. Ta ɗauki hotonsa ta aika wa uwarta, kamar wadda ta ciyo kyauta.

A Dunga suka haɗu da Mama Apondi, inda masunta ke sauke kifi. Tsohuwa ce gajera mai kaifin harshe, ta yi shekara talatin tana suya a wata rumfar kwano. Abin da Ruvimbo ta fara lura da shi shi ne duk masu suya suna fuskantar tafki don su hango kwale-kwale na shigowa, ita kaɗai ta juya masa baya. Sai daga baya aka gaya musu dalili. Shekara ashirin da biyu ke nan mijinta ya fita kamun kifi, da la'asar aka janyo kwale-kwalensa ba kowa a ciki. Tun daga ranar ba ta ƙara sa ƙafa a ruwan da ya wuce idon sawu ba. Ko wanka da moɗa take yi, ba ta yarda ruwa ya rufe mata fuska.

Haɗuwar farko ba ta yi daɗi ba. Ta zuba musu shayi mai kauri da madara, suka ce ba sa shan shayi, addini ya hana. Ta dube su sama da ƙasa, ta ce ita dai ta ga addinai iri-iri a bakin ruwan nan, amma ba ta taɓa ganin wanda ya sa wa shayi ido ba, su tashi su ba masu ciniki wuri. Fonoti ce ta gyara ɓarnar. Ta zauna ta cinye kifi uku da malmala biyu ta ugali, tuwon masarar can, ta siɗe hannu, ta nemi ƙari. Tsohuwar ta ce wannan dai 'yar gidan mutunci ce. Ita kuwa ramammiyar can mai kallon ƙasa, ta matso ta kankare ɓawon kifi ko ta yi amfani. Daga ranar ta raɗa mata 'Yar Zimbabwe, yadda Luwo ke kiran mace da garin da ta fito. Su kuma suka riƙa ce mata Dani, wato kaka.

Wata biyar suna zuwa, Talata da Juma'a, ana darasi a gefen kasko, mai na tartsatsi. Mama Apondi ba ta karatu, sai Ruvimbo ta karanta mata a hankali, ita kuma ta yi ta katse ta da tambaya. Abin da ya kama zuciyarta shi ne da suka ce mata a wurinsu aure ba ya yankewa da mutuwa, akwai hanyar da ake ɗaure shi har abada ko da ɗaya ya riga ya tafi. Ranar ta bar kifi ya ƙone. Ta fara zuwa coci, tana zama layin gaba tana gyara wa masu waƙa murya. Ta bar shayi bayan yaƙin wata biyu, ta koma ruwan zafi da citta da lemun tsami, tana sha tana yamutsa fuska.

Saura abu ɗaya, baftisma. A cocinsu ba a yayyafa ruwa, nutsar da mutum ake yi gaba ɗaya a cikin kwamin siminti da ke bayan ɗakin taro. Ranar da aka kai ta ta ga kwamin, ba ruwa a ciki, ta tsaya daga nesa ta leƙa.

"Sau nawa ake dulmiya mutum?" ta tambaya.

"Sau ɗaya, Dani," in ji Ruvimbo.

"To, sau ɗaya zan iya. Ki gaya wa mai dulmiyawar. In ya ƙara, da shi za mu tafi ƙasa."

A hanyar gida Fonoti ba ta yi dariya ba. Ta ce ai ba a gaya wa tsohuwar zance duka ba. Kowane ɗan mishan ya san ƙa'idar: shaidu biyu ke tsayawa a bakin kwami, in ko silin gashi ko gefen riga ya taso saman ruwa, sai an sake daga farko, addu'a da komai. Ruvimbo ta ce za ta gaya mata ran Talata. Talata ta zo, suka tarar da tsohuwar cikin nishaɗi tana gwada farar rigar baftisma a kan kayanta, Ruvimbo ta ƙi ɓata mata rai. Ta ce sai Juma'a. Ran Juma'a da safe waya ta shigo daga ofishin mishan. Sauyin wurin aiki da ake yi duk mako shida ya faɗo kan Ruvimbo, ran Talata za ta koma garin Nakuru. Baftismar kuwa washegari ce, Asabar ƙarfe huɗu, ta farko a duk aikinta. Ɗoki ya cika ta har ta sa siket a baibai, zancen shaidu ya sake wucewa. Ta ce a ranta ai da wuya ake samun haka.

Asabar ƙarfe takwas suka isa coci don su buɗe famfo, tunda kwamin na cin awa uku kafin ya cika. Famfo ya yi tari sau biyu ya yi shiru. An ɗauke ruwa a unguwar duka. Shugaban reshen cocin, Ogutu, mai walda ne, ya iso da tabarau ɗin aikinsa a goshi. Ya ce abu biyu ne: ko a gangara tafki yadda ake yi a da, ko a ɗaga zuwa mako mai zuwa. Tafki dai ba a ma kawo wa Dani zancensa. Mako mai zuwa kuwa Ruvimbo na Nakuru, kuma ta san tsohuwar ta tara ƙarfin halinta ne don wannan rana ɗaya. In ya zube, Allah kaɗai ya san ranar da zai sake taruwa. Sai ta ji bakinta ya ce za su cika shi da jarka. Ogutu ya dube ta, ya dubi kwamin, ya ce bai taɓa jin muryarta da ƙarfi haka ba, bari ya kira matarsa.

Akwai rijiyar burtsatse a gangare, tafiyar minti goma. Kafin ƙarfe tara matan coci bakwai sun fito da jarkoki masu ruwan ɗorawa, aka aro kurar wani ɗan garuwa. Abin ya koma kamar biki. Fonoti ke tura kura tana waƙar ƙasarsu, matan na amsa mata da Luwo ba su san me take cewa ba. Ruvimbo na ɗauke da jarka a ka, ruwa na bin wuyanta, tana gudu-gudu sauri-sauri tana dariya a fili, abin da ba wanda ya taɓa gani. Sahu uku suka yi, suna juyewa suna komawa. A na huɗu matar Ogutu ta tsaya ta ce wai idonta ne, ko kwamin nan shanye ruwa yake yi? Aka leƙa. Murfin magudana bai zauna daidai ba. Da ɗaya daga cikin 'yan mishan ɗin ta tsaya gadi da tuni an gani, amma ba sa rabuwa, kuma kowa ya ɗauka wani ne ke lura. Ruwan sahu uku ya tafi shayar da ayabar bayan coci.

Ba wanda ya yi fushi, lokacin fushin ma babu. Aka naɗe murfin da leda, Fonoti ta shiga ta take shi da diddige, aka koma gangare. Ƙarfe biyu layin rijiya ya yi tsawo, don duk unguwa nan ta dawo. Ƙarfe uku da rabi aka juye jarka ta ƙarshe. Ruwan da ya kamata ya kai ƙugun Ogutu ya tsaya a cinyarsa. Ya auna da sanda, ya ce Dani gajera ce, zai yi. Matarsa ta tafasa manyan tukwane biyu ta juye don a kashe sanyin. 'Yan mishan suka ruga gida tare, suka sauya kaya, suka dawo gashi na ɗiga.

Mama Apondi ta iso a bayan babur, da rakiyar masu suya huɗu da suka rufe rumfunansu don su gane wa idonsu. Aka yi waƙa, aka yi gajeren jawabi, aka zuge labulen kwami. Shaidu biyu suka tsaya, matar Ogutu ta ɓangaren kai, Ruvimbo ta ɓangaren ƙafa. Tsohuwar ta sauko matakala cikin farar riga, ɗaya bayan ɗaya, tana damƙe da hannun Ogutu har farcenta ya shata masa. Ruwa ya kai mata ƙugu. Ta ɗaga kai ta nemo Ruvimbo, ta nuna mata yatsa ɗaya.

Ogutu ya ɗaga hannun dama, ya kira cikakken sunanta, Risper Apondi Odero, ya yi addu'ar. Ta toshe hanci, ya kwantar da ita ta baya. Ruwa ya rufe kafaɗa, ya rufe fuska. Amma tsoro ya sa ta sandare, ba ta lanƙwasa gwiwa ba, ƙafar hagu ta zame ta taso. Babban yatsan ya leƙo sama, baƙi mai tsagaggen farce, kamar kan kunkuru, ya koma. Ƙiftawar ido ne. Ogutu ya ɗago ta tana haki, tana share fuska, sai kuma ta fashe da dariya. Masu suya suka saki guɗa. Matar Ogutu ta gyaɗa kai, ita ta ga kai ya nutse sarai. Ogutu ya juyo ga shaida ta biyu yana murmushi, yana jiran ta gyaɗa nata.

Ba wanda ya gani sai ita. Ruvimbo ta san haka, don ta bi fuskokin duka da ido. In ta sunkuyar da kai kaɗan kawai, an gama. Dani ta fito, a ci mandazi, irin fanken can, a sha lemo, ran Talata ita kuma ta hau mota da labari mai daɗi. In ta buɗe baki, ta yiwu tsohuwar ta haye matakalan nan ta tafi, ba ta ƙara waiwayar coci ba, kuma da gaskiyarta, don an yi mata alkawarin sau ɗaya. Sai dai an tsayar da Ruvimbo nan ne don ta faɗi abin da ta gani. Kuma wannan matar ce ta bar shayinta na shekara sittin don kada ta shigo da rabi-rabi. Ruvimbo ta girgiza kai.

Ogutu ya matso, ta raɗa masa.

"Me take cewa?" in ji Mama Apondi. "'Yar Zimbabwe, ɗaga murya, ba addu'a kike yi ba."

Ruvimbo ta durƙusa a bakin kwamin, gwiwoyinta cikin ruwan da ya fantsalo.

"Dani, yatsanku ya fito. In wani abu ya fito, sai an sake. Na san da haka tun ranar da kuka tambaye ni, tsoro ya hana ni faɗa. Laifina ne."

Ɗaya daga cikin masu suya ta ce daga can baya ai ya isa haka, a bar baiwar Allah ta fito, yatsa ɗaya me zai rage. Mama Apondi ta saki hannun Ogutu, ta juya wajen matakala, ta taka ta farko. Fonoti ta runtse ido. Daga nan tsohuwar ta tsaya, ta dafa bango, ta ɗago ƙafar hagu daga ruwa tana duban yatsan.

"Wanne? Wannan?"

"Shi, Dani."

"Wa ya gani ban da ke?"

"Ba kowa."

"Ba kowa, kika faɗa." Ta mayar da ƙafar cikin ruwa. "Wata biyar ina jiran ranar da za ki yi magana a ji, sai yau da kika tashi dulmiya ni sau biyu. To, ban bar shayi don in je gaban Allah da yatsa ɗaya a bushe ba. Ogutu, taka min ƙafar nan. Ka danne da kyau, yadda kake danne ƙarfenka."

Dariya ta ɓarke har da mai cewa a bar ta ta fito. Ogutu ya sa ƙafarsa a kan tata, ya nuna mata ta lanƙwasa gwiwa kamar za ta zauna a kujerar suya. Ya sake ɗaga hannu, ya sake kiran sunan, daga farko. Wannan karon Ruvimbo ko ƙiftawa ba ta yi ba. Ruwa ya rufe komai, ya kwanta sumul, ba gashi, ba riga, ba yatsa. Da Dani ta ɗago ba ta kalli kowa ba sai ita. Ruvimbo ta gyaɗa kai, ta sake gyaɗawa, ta yi ta gyaɗawa hawaye na zuba, har Fonoti ta kama kafaɗarta ta ce ya isa haka, kada kan ya cire.

A ɗakin sauya kaya, an lulluɓe ta da zane biyu tana ta karkarwa, tsohuwar ta jawo Ruvimbo kusa. Ta ce a na farko ba ta san ma me aka yi ba, jiran a ɗago ta kawai take yi. A na biyun ne ta buɗe ido a cikin ruwan. Shekara ashirin da biyu tana tunanin abin da ake gani a can ƙasa, ashe siminti ne, da ƙafar Ogutu, ga kaushi.

Lahadi da safe ruwan famfo ya dawo, ya yi ta ambaliya a kwami don an manta an bar shi a buɗe.

Ran Talata, kafin su je tashar mota, don Fonoti za ta raka ta har Nakuru, suka biya ta Dunga yin sallama. Mama Apondi ta riga ta naɗe kifi shida a takarda, ta tura su cikin aljihun siket ɗin nan mai zurfi, ta ce uku na 'Yar Zimbabwe ne, ukun kuma kada a ba Fonoti sai an ga motar ta tashi. Ta ce in an je Nakuru, duk tsohuwar da aka samu, a fara gaya mata zancen yatsa kafin zancen shayi. Ruvimbo ta ce to, da murya, har mai rumfar gefe ta waiwayo. Tana saɓa jaka ta lura an ɗan karkata kujerar suya, yanzu tafki na gefen kafaɗar Dani. Ta tsaya tana kallon kujerar. Tsohuwar ta daka mata harara, ta ce hayaƙi ne ke shigar mata ido ta can, su wuce kada mota ta bar su.